Charger ta 1970 da motocin yanzu: wacce ta fi shan mai?

Ɗan Autan Hajiya:
Assalamu alaikum. Jiya mun kai sha biyun dare muna musu a majalisa, har mai shayi ya kwashe kayansa ya bar mu. Wani abokina ne ya nuna mana bidiyon Dodge Charger ta 1970, baƙa wuluk, irin motocin nan na Amurka masu ƙwanji. Ana tayar da ita sai ka ga har ƙasa na rawa. Na ce ni dai in Allah ya hore min ita zan sayo. Sai aka yi min caa, wai ko rijiyar mai gare ni ba zan iya riƙe ta ba. Na ce motar da ba kwamfuta, ba tarkacen wayoyi, ƙarfe ne kawai da inji, me zai sa ta fi ta yanzu shan mai? Masana ku raba mu.

Oga Mai Gareji:
Wa alaikumus salam. Auta, abokanka sun fi ka gaskiya. Wannan kwamfutar da kake raina wa ita ce mai tsimin. Bari na sallami wani kwastoma na dawo.

Baba Direba:
Ɗana kada su ruɗe ka. Da tsohuwar zuma ake magani. Shekara ashirin da biyu na yi ina jan Peugeot 504 tsakanin Kano da Jos, mai kafireta ce, wato tsohon tsarin haɗa mai da iska, ba ta taɓa kwana da ni a daji ba. In ta yi tari na buɗe na hure jet da bakina na ɗaura, mu ci gaba. Ta yanzu kuwa in ta mutu sai an zo da na'ura kamar za a duba mai ciki.

Malama Mai Lissafi:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ba maganar saurin gyara ya tambaya ba, maganar shan mai ce. Kuma 504 ɗinku silinda huɗu ce, injinta wajen lita 2. Wadda Auta ke so silinda takwas ce, injin ya kai lita 7. Kamar a haɗa cin akuya da na raƙumi ne.

Bakano a Michigan:
Wannan zancen a ƙofar gidana ya faɗo. Ina zaune kusa da Detroit, garin da aka haifi motocin nan. Duk watan Agusta akwai ranar da ake fito da su kan titin Woodward, dubbai, tun safe har dare. In ka tsaya a bakin titin abin da zai fara dukan hancinka warin ɗanyen fetur ne, har ido na yaji. Wannan warin man da bai ƙone ba ne yake fita ta salansa, wato kuɗi ne ke bin iska.

Maƙwabcina wani dattijo yana da Charger ta 1969 mai injin 440, lita 7.2 ke nan. Yana da ɗan littafi a mota da yake rubuta duk man da ya zuba. Mil 10 zuwa 11 take yi masa a galan ɗaya, in ya lallaɓa ta a babbar hanya ta kai 13. Da na tambaye shi in ya taka ta sosai fa, dariya kawai ya yi ya ce ranar ba ya rubutawa. Kuma ita 440 ai mai sauƙi ce. Akwai injin da ake kira 426 Hemi mai kafireta biyu, kowace da maƙogwaro huɗu. Akwai Chevelle SS 454 ta Chevrolet ta 1970, lita 7.4, da aka rubuta mata ƙarfin doki 450. Waɗannan in an matsa musu ko mil 10 ba sa kaiwa.

Ɗan Autan Hajiya:
Yaya, mil da galan ɗin nan ba na gane su. A faɗa min da lita.

Malama Mai Lissafi:
Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, mil kuma kilomita 1.609. Saboda haka mil 10 a galan daidai yake da kilomita 4 da kwata a lita ɗaya. Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne, ka ga lita 54 ke nan zuwa kawai. Mu ɗauka lita naira 900 ce, don lissafi ya yi sauƙi: 48,600. Ko a mil 12 ka lissafa, lita 45 ne, 40,500. Tankinta galan 19 yake ci, kusan lita 72. In ka cika shi taf a Kano ka nufi Abuja, ba za ta kai ka ba, sai ka sake tsayawa gidan mai a hanya.

Yanzu ɗauki Corolla ta 'yan shekarun nan mai lafiya, tana yin wajen kilomita 16 a lita a babbar hanya. Lita 14 zuwa 15 ta kai ka Kaduna.

Ɗan Autan Hajiya:
Haba Malama, ai ba adalci a haɗa Charger da Corolla. Wa zai juyo ya kalli Corolla?

Injiniya:
Ya yi gaskiya a nan, a haɗa zaki da zaki. Ford Mustang GT ta yanzu silinda takwas ce, lita 5, ƙarfin doki wajen 480. Hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda ke auna shan man motoci, ta ba ta kusan mil 15 a cikin gari, 24 a babbar hanya. Wannan 24 ɗin kilomita 10 ne da ɗoriya a lita, wato lita 23 zuwa Kaduna, ƙasa da rabin abin da tsohuwar za ta sha. Ko Challenger Hellcat da ta fito a 2015 da doki 707, wadda hauka ce tsagwaronta, an ba ta 13 a gari, 22 a hanya.

Kuma akwai wata 'yar ƙarya a cikin dawakan da. Kafin 1972 kamfanonin Amurka kan auna inji ne tsirara a kan benci, ba matatar iska, ba cikakkiyar salansa, ba kayan da yake juyawa a cikin mota. Da aka koma auna shi yadda yake a jikin mota, Hemi ɗin da ake wa kirari da 425 ta dawo 350. To yau akwai Mustang mai silinda huɗu kacal, lita 2.3 da turbo, tana ba da sama da 300, tana kuma yin fiye da mil 30 a galan a babbar hanya. Auta, ƙarar ce ta tafi da kai.

Oga Mai Gareji:
Na dawo. Bari na yi muku bayanin da hannu ya sani.

Fetur ba ya ƙonewa da kyau sai ya samu iska daidai gwargwado, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, a nauyi. Kafireta makauniya ce, ba ta san abin da ya faru bayan man ya wuce ta ba. Iska ta bi ta maƙogwaro ta zuƙo mai, shi ke nan. Da sanyin asuba da zafin azahar duk jet ɗaya ne. Kuma masu ƙera ta sun gwammace man ya yi yawa da ya yi kaɗan, don in ya yi kaɗan inji na zafi ya ci fistin. Ga cok, abin nan da ke toshe iska don inji ya tashi da sanyi, da safe yana ɗura mai. Ga ɗan famfon nan da ke tsarta mai duk lokacin da ka taɓa totur, ko da wasa ne. A manyan nan masu maƙogwaro huɗu, biyu ne ke aiki in kana tafiya a hankali, kana takawa sauran biyun su buɗe. Wannan gurnanin da ke burge Auta, ƙarar buɗewarsu ce, kuma a lokacin kamar ka tuntsurar da bokiti ne.

Injekta kuwa, mai fesa wa inji mai a motocin yanzu, akwai sensa a jikin salansa tana shinshina hayaƙi, tana gaya wa ƙwaƙwalwar motar man ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ita kuma tana gyarawa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. In ka ɗaga ƙafa a gangara ma yanke man take yi gaba ɗaya. Kafireta ba ta san wannan ba, ko a gangara sha take.

Amma ni a ganina babban ɓarawon ma ba kafireta ba ce, giya ce. Otomatik ɗinsu giya uku ce, manuwal huɗu, kuma ta ƙarshen ba ta sauke wa inji nauyi. Masu son tsere kuma su sa aksul mai gajeren zango don mota ta zabura daga tsaye. Sai ka ga ana gudun kilomita 100 inji na juyi sama da 3,000 a minti, silinda takwas duk suna ci. Ta yanzu giya takwas ce ko goma, a wannan gudun inji bai kai 2,000 ba. Wasu Hemi na zamani ma kashe silinda huɗu suke yi in hanya ta miƙe, direba bai sani ba.

Baba Direba:
To na ji. Amma in wautar ta kai haka, su Turawan ba su da hankali ne da suka yi ta ƙera su?

Bakano a Michigan:
Baba, da hankalinsu, lissafin zamanin ne daban. A 1970 galan ɗin fetur wajen santi 36 ne. Yaran da aka haifa bayan yaƙin duniya na biyu sun taso, ga aiki, ga sababbin manyan hanyoyi. Pontiac ta ɗauki injin babbar mota mai lita 6.4 ta cusa a matsakaiciya a 1964 ta kira ta GTO, kasuwa ta buɗe, kowa ya bi. Mai saye ba ya tambayar mil nawa take yi a galan, daƙiƙa nawa take cinye kwatan mil yake tambaya.

Malama Mai Lissafi:
Ina da ja a kan santi 36 ɗin nan, don kullum shi ake kawowa. In ka juya shi zuwa darajar kuɗin yau ya kusa dala 3, kuma ai kusan haka kuka sayi galan a can a 2025. Ashe ba arahar ba ce kaɗai.

Bakano a Michigan:
Malama kin kama ni, haka ne. Sai dai a lokacin farashin ya daɗe bai motsa sosai ba alhali albashi na hawa, kuma ba wanda ya taɓa zuwa gidan mai aka ce masa babu. Wannan kwanciyar hankalin ita ce ta ƙare a watan Oktoban 1973, da ƙasashen Larabawa masu mai suka daina sayar wa Amurka saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin shekarar. Gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12 cikin 'yan watanni. Aka yi layi a gidajen mai, wasu jihohi suka raba ranaku da lambar mota, masu mara yau, masu cika gobe. A Janairun 1974 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta ƙayyade gudu a mil 55, kilomita 89 ke nan, a faɗin ƙasar. Mai Hemi ya wayi gari da dokin da ba filin sukuwa, ba kuma harawa.

Injiniya:
Ƙarin bayani kaɗan: takunkumin ya zo ya tarar da su a kwance ne, ya ƙarasa su. Tun kafin nan kamfanonin inshora sun tsauwala wa samari masu irin motocin. Dokar tsaftar iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi, kamfanoni suka sassauta matsin injuna daga 1971 don su iya shan man da ba dalma. Hemi ta 426 bayan 1971 ba a sake sa ta a motar titi ba. Mustang ta 1974 ko silinda takwas ba a sayar da ita da shi ba a Amurka. A 1975 aka fara sa matatar hayaƙi a salansar yawancin motoci, a shekarar kuma majalisa ta yi dokar da ta ɗora wa kowane kamfani matsakaicin shan mai: mil 18 a galan a 1978, ya hau zuwa 27.5 a 1985. Matsakaicin sababbin motoci a 1975 mil 13 ne da ɗigo. Ka ga ba masu ƙwanjin kaɗai ke sha ba, har motar kai yara makaranta.

Baba Direba:
Ikon Allah. Lokacin da suke layin mai mu nan muna shan daɗi. Ai Najeriya ba ta shiga takunkumin ba, kuɗin ya yi ta shigowa zamanin Gowon. Aka biya Udoji, ma'aikata suka yi ta sayen babura da rediyo. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna. Ni ina yaron mota a lokacin, maigidana ko kallon mitar famfo ba ya yi, sai dai ya ce a cika. Wato abin da ya kashe tasu motar shi ya haifi tawa.

Ɗan Maraɗi:
Baba, mu ma nan mun sha wannan daɗin shekara da shekaru, isansin Najeriya, wato fetur, a kwalabe bakin hanya. Tun da aka cire tallafi a ƙarshen watan Mayun 2023 kowa ya koyi lissafi. Yanzu mai sayen mota kafin ya tambayi lafiyar inji sai ya tambayi shanta. Kun ga 1973 ɗinmu ke nan, ta zo a makare da shekara 50.

Injiniya:
Amma kada mu yi wa na zamani kirari da yawa, akwai inda suka ci amanar ilimin. Mustang ta farko nauyinta wajen kilo 1,200 ne, ta yanzu ta haura 1,700. Hellcat ta kusa tan 2. Wani nauyin dole ne, jakar iska, ƙarfen da ke kare mutum a hatsari, na'urar sanyi. Amma da yawa daga tsimin da injiniyoyi suka samo an mayar da shi dawakai da girman jiki ne. Yau matsakaicin sababbin motocin Amurka bai wuce mil 26 zuwa 27 ba, ninki biyu na 1975, alhali Prius na haura 50. Dalili, mutanensu sun koma sayen manyan jif da a-kori-kura. Da an tsaya a nauyin da da ƙarfin da, da lambar ta fi haka nesa.

Kuma ku lura da lambar cikin gari. Hellcat 13, tsohuwar Charger 10. Ratar ba ta kai ta babbar hanya ba. A gosulo giya goma ba ta da amfani, babban inji babban inji ne.

Ɗan Autan Hajiya:
Yawwa! Ashe dai ban faɗi ƙasa warwas ba. A cikin gari kusan ɗaya suke.

Malama Mai Lissafi:
Kusan ɗaya ina? 10 da 13 bambancin kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na kuɗin manka, kuma mai 13 ɗin ta ninka ta ƙarfi. Kada ka ɗauki rabin magana ka gudu majalisa da ita.

Oga Mai Gareji:
Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya ba na Amurka ba ne, namu ne. Duk lambobin nan da Injiniya ke kawowa na motar da aka bar ta yadda aka ƙera ta ne. Mu kuwa mota na sauka daga Kwatano abin da ake fara yi a cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, wai ƙasarmu da zafi, a haɗa fanka kai tsaye tana juyi tun daga tayarwa. To inji ba zai kai zafin da aka tsara masa ba, musamman da hunturu. Ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai, daidai da a ce ka ja cok ka manta. Sai a zo a fasa salansa a kwashe matatar hayaƙin nan da yara ke kira indomi a sayar, garin haka a tsinke wayar sensa. Wutar gargaɗi ta kama a dashbod, a liƙe ta da baƙin tef. Na ga wanda ma ya cire injekta ɗungurungum ya ɗora kafireta don bakanikensa ita ya iya.

Makon da ya wuce wani Alhaji ya kawo min Camry mai silinda shida yana kuka da shan mai. Muka cika tanki, ya yi zirga-zirgarsa, muka sake cikawa muka raba da kilomita. Biyar da ɗan wani abu take yi a lita. Malama, wannan mil nawa ne a galan?

Malama Mai Lissafi:
Kilomita 5 a lita kusan mil 12 ne. Wato Alhaji Charger ta 1969 yake ja bai sani ba, sai dai ba ƙarar, ba kuma mai juyowa ya kalle shi.

Baba Direba:
Hahaha. To kun gani! Ni 504 ɗina ta fi wannan tsimi nesa ba kusa ba, kuma ba ta da wata ƙwaƙwalwa sai tawa.

Oga Mai Gareji:
Baba, a nan kam na sallama maka. Kafiretar da mai ita ya iya saiti ta fi injektar da aka makantar. Amma ka bar ni da injekta mai lafiya.

Bakano a Michigan:
Auta, in da gaske kake, ga abin da ban faɗa ba. Masu irin motocin nan a nan ba sa zuwa aiki da su. Maƙwabcina daga Nuwamba zuwa Afrilu a rufe take a gareji saboda gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, yana cin ƙarfe. A shekara bai fi ya yi 'yan ɗaruruwan mil da ita ba, shi ya sa shan man bai dame shi ba. Cefane da ƙaramar Honda yake zuwa. Wasu kuma sukan cire kafireta su sa injekta ta zamani, su canza giya zuwa mai biyar ko shida, shan ya ragu sosai, jiki na da, ciki na yanzu. Masu ra'ayin asali suna ganin wannan ɓata gado ne, har faɗa ake a kai. Sannan injunan masu matsi sosai an yi su ne don fetur mai ƙarfi mai dalma, wanda Amurka ta hana sayar wa motocin titi tun 1996. In ka zuba mata na 'yan bumburutu za ka ji tana ƙwanƙwasa kamar ana daka. Ga farashi: Charger ta 1970 mai Hemi ta asali kuɗin gida ce, ba kuɗin mota ba. Ita ma Challenger ta zamani mai silinda takwas an daina ƙera ta a ƙarshen 2023.

Ɗan Maraɗi:
Kuma in fulogi ɗaya ya mutu, a wace kasuwa za ka samo? Sai ka jira jirgi.

Oga Mai Gareji:
Fulogi ana samu. Gilashin gaba ne in yaro ya jefe shi za ka gane kurenka.

Ɗan Autan Hajiya:
To na ji, na fasa, ko na ce na ɗage sai na yi kuɗi. Amma Oga, maganar tamostat ɗin nan ta tsaya min a rai. Civic ɗin Hajiya da nake ja, fankarta na tashi ne tun ina murɗa makulli, kuma akwai wata wuta ruwan lemo da ke kunne tun ranar da aka sayo ta. Mai gyaranmu ya ce ado ce.

Oga Mai Gareji:
Ado! Kawo ta gobe da safe kafin rana ta yi, kada ka tayar da ita ka bar ta tana ɗumi, ina so na gan ta da sanyinta. Ka cika tanki a hanya ka rubuta lambar kilomita.

Baba Direba:
In an sa tamostat ɗin ta yi zafi a gosulon Kurna kada ka ce ban faɗa maka ba.

Oga Mai Gareji:
Baba, in lagireto a wanke yake ba abin da zai same ta. Auta, ka taho da kuɗin sensa ma, ina zargin babu ita.